Tun daga tsakar gida ake ɓata shara

Kawuna yana da gona a hanyar Shika, kusa da Zariya. Tun ina yaro na san shi da al'ada guda: da zarar bazara ta kama, kafin ruwan shuka ya sauka, sai ya sa a kwaso masa sharar cikin gari a jibge a gonar tsibi-tsibi. A da jakuna ne ke kai masa a mangala, yanzu tifa ce. Bara na bi shi ranar barbazawa. Na tarar da dattijon da ya haura shekara 70 a duƙe, shi da jikokinsa, suna tsince tarkace daga cikin abin da ya saya da kuɗinsa da sunan taki. Baƙar leda, ledar fiya wata, fasassun kwalabe, matattun batura, kunzugun jarirai na zamani, har da sirinji. Sai da suka tara wani tsibin a bakin gona suka cinna masa wuta.

Na ce, "Kawu, ai wahalar ta fi takin yawa."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "To ya zan yi? Ka san kuɗin buhun takin zamani. Kuma ai ku ne kuke cakuɗa mana shi tun daga gida."

Na so in ce ba ni ba ne, sai na tuna da bokitin da ke bayan ƙofar madafinmu a Tudun Wada. Duk abin da aka gama da shi a gidan, cikinsa yake faɗawa: ragowar tuwo, gwangwanin tumatir, gorar lemo, kwalin ashana, batirin tocila, ƙwan fitilar da ya mutu. Da yamma a ba yaro ya kai bola. Daga nan ba ruwanmu. Ashe daga nan ne ruwan Kawu yake farawa.

A gidan kakarmu da ke cikin birni, ban taɓa ganin irin wannan bokiti ba. Iya ba ta taɓa jin wata magana wai ita kare muhalli ba, tattali kawai ta sani, kuma talauci ya ƙara koya mata. Toka tana da wurinta, da ita ake goge tukunya, da ita ake tatar ruwan toka. Ƙanzo a shanya shi. Ɓawon doya da na dankali na awaki ne, dusa da ruwan tsari ma haka. Gwangwanin madara ya zama ma'aunin gishiri ko fitilar aci-bal-bal. Kwalba ta kananzir ce ko ta man gyaɗa. Tsohon zane ya zama gammo, in ya ƙara tsufa ya zama tsumman goge ɗaki. Idan aka aike ka sayen ƙosai da kwano kake tafiya, alale kuwa a ganye ake ƙulla shi. Saboda haka abin da ke isa juji bai wuce toka da kashin awaki da ƙaiƙayi da ƙurar tsakar gida ba. Taki ne tsantsa, shi ya sa manoman kewayen Zariya suke rububinsa. Garin yana cin abin da gona ta ba shi, yana mayar mata da abin da za ta ci.

Ba ina kukan a koma zamanin Iya ba ne. Leda ta sauƙaƙa rayuwa, kuma wanda ya taɓa shan ruwan rijiyar da ke maƙwabtaka da masai ya san dalilin da ya sa fiya wata ta samu karɓuwa tun daga shekarun 1990. Abin da nake cewa shi ne kayan da ke shigowa gidajenmu sun canza, amma hannun da ke zubarwa bai canza ba. Har yanzu muna watsar da shara kamar duk ruɓewa za ta yi. Ku yi lissafi da ni: jakar fiya wata ɗaya tana da ƙwaya 20. Gidan da ke shan jaka biyu a rana, a wata guda ya fitar da leda 1,200, ban da jakunkunan kansu, ban da baƙar ledar cefane. Gida nawa ne daga Kwarbai zuwa Samaru?

Duk lokacin da aka tayar da wannan zance a majalisa, sai wani ya ce ai mu ba mu ci gaba ba, a Turai kowane gida da kwandunan shara kala-kala, mota ta zo ta ɗauki kowane a ranarsa, mu kuwa ina za mu kai? Ni wannan magana ba ta gamsar da ni. Wurin kaiwa muna da shi, raina shi muka yi. Babu wata babbar unguwa a Zariya ko Sabon Gari da za ka rasa mai sikeli a wani kango ko bakin titi, yana sayen abin da muke kira tarkace. 'Yan gwangwan ke nan. Ƙasa da mai sikelin akwai yaran da ke yawo da buhu ko kura, 'yan jari bola. Sama da shi akwai manyan diloli masu loda tireloli zuwa Kano da Kaduna da Legas. Kowane kaya da farashinsa: tagulla ce kan gaba, sai alminiyum, sai baƙin ƙarfe da roba mai kauri, kwali da gorar ruwa suna can ƙasa. Ƙarfen a narka shi ya dawo rodin gini. Gwangwanin maltina, wanda kimanin 70 ke yin kilo ɗaya, a narka shi a zuba tukunya ko ludayi. Kuma narka tsohon alminiyum ba ya cin ko kashi ɗaya cikin goma na wutar da ake ƙonawa wajen haɗa sabo daga ma'adini. Fasasshen bokiti da karyayyiyar kujera a niƙa su, su dawo buta da baho. Kwali a jiƙa shi a buga kiret ɗin ƙwai. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga abin da maƙera da masu walda ke fitarwa daga abin da wani ya yar. Ga mata masu zoɓo da kunun aya da ke neman gora ido rufe. Ga manoma irin su Kawu.

Duk wannan harka tana tafiya ba tare da gwamnati ta sa kobo ba. Inda take yin tuntuɓe shi ne a matakin farko, wato gidana da gidanka. Kwalin da miya ta jiƙa ya tashi daga kaya. Gorar da ta kwana cikin kwata sai an wanke ta kafin ta yi daraja. Ragowar abincin da akuya za ta ci da murna, in ya haɗu da fasasshiyar kwalba ya zama ajalinta. Mu ne muke haɗa abu biyar masu amfani mu mayar da su ƙazanta ɗaya, sannan mu bar wa yaro ɗan shekara 12 ya sa hannu ba safa, cikin reza da allura da kashin jarirai, ya sake raba abin da da minti ɗaya ya ishe mu rabawa a tsakar gida. In ya wuce ta ƙofarmu kuma mu toshe hanci.

Da na dawo daga gonar nan na kawo wa uwargida shawara. Na ɗauka yabo zan sha. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, wannan duk na ji. Wa zai yi aikin? Kai da ke fita tun bakwai?"

Gaskiyarta. Mu maza mun iya tsara aikin da mata za su yi. Shara, wanke-wanke, girki, duk a hannunsu suke, kuma duk wani shiri na raba shara da bai fara da tambayarsu ba, a takarda zai ƙare. Sai muka yi yarjejeniya: duk kuɗin da ya fito nata ne da yara, ba na tambaya, ni kuma ɗaukar kaya zuwa wurin mai sikeli a wuyana yake. Ranar nan ta nemo tsofaffin buhunan shinkafa ta rataye a bayan madafi. Ɗaya na gwangwani da duk wani ƙarfe, ɗaya na roba da gora. Kwali da takarda ana miƙe su a ɗaure a sa ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya taɓawa. Ragowar abinci da ɓawo suna tafiya gidan maƙwabciyarmu mai kiwon tumaki, ita kuwa da ƙaramar salla ta aiko mana da ƙwan zabi. Toka da sharar tsakar gida ana tarawa daban, Kawu ya aiko a kwashe. Gwangwani a ɗauraye shi da ruwan ƙarshen wanke-wanke, a taka shi ya lotse don kada ya cika buhu da iska. Shi ke nan. Ba kwando mai kala, ba takardar koyarwa.

Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, kada in yaudari kowa. Wata biyu ko uku kafin buhun ƙarfe ya yi nauyin da ya cancanci a ɗora shi a babur, abin da ke fitowa kuma na sabulu ne da zubin adashi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bokitin bayan ƙofa. Da kullum ake fitar da shi, yanzu sai ya kwana uku bai cika ba, kuma ƙuda da wari sun ragu, domin abin da ke ruɓewa ba ya kwana a ciki.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a ido. Na farko, wai ƙaranta ce magidanci ya ɗauki buhun gwangwani a bayan babur. Wannan ba zan ɓata tawada a kansa ba. Mutumin da ba ya jin kunyar bola ta toshe ƙofar masallacin unguwarsu, ban san ina ya samo kunyar buhu ba. Na biyu, masu zaman gidan haya, ɗaki ɗaya da baranda, sun ce ina wurin? Wannan uzuri ne na gaske. Amma a irin waɗannan gidaje ne ma tarawa ta fi sauri: ɗaki takwas in suka haɗa buhu biyu a lungun rijiya, sati ɗaya ya isa, kuɗin ya tafi sayen tsintsiya da gyaran famfo, abin da kullum ake faɗa a kansa.

Na uku shi ne mai nauyi: sata. Ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. An sace mana tukunya a soro, an ɓalle wa maƙwabcina wayar wuta daga ginin da bai gama ba, kuma kowa ya san murfin kwalbati da ƙarfen gada ba da ƙafarsu suke tafiya ba. A cikin masu yawo da buhu akwai ɓarayi. A Abuja abin ya kai ga hukuma ta hana 'yan jari bola yawo cikin birnin a farkon 2025. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ba ya narka ƙarfe. Akwai babban da ya karɓi murfin kwalbatin, ya ga sarai na gwamnati ne, ya ɗora a sikeli ya biya. Shi yana da wurin zama, mai unguwa ya san shi, nan ya kamata ido ya koma. A yi musu rajista, a rubuta abin da aka saya da wanda ya kawo in kayan ya yi kama da na hukuma ko na gini, ƙungiyarsu ta ɗauki alhakin 'ya'yanta. Korar kowa da kowa kuwa ba ta hana ɓarawo, sai dai ta bar mana gwangwani da roba a kwata. Kuma ku lura: gidan da ke ware kayansa ya kai da kansa, ko ya miƙa wa mutum ɗaya sananne a rana sananniya, ya rufe ƙofar da baƙon fuska ke fakewa da ita yana leƙa soro.

Akwai kayan da bai kamata su shiga ko wane buhu ba, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Gorar maganin feshi, na ciyawa ko na ƙwari, da manoma ke dawowa da ita gida: na ga an ɗauraye ta an zuba man gyaɗa. Wanki ba ya fitar da wannan guba. A huda ta yadda ba mai sake amfani da ita. Batirin mota da na sola akwai dalma da ruwan batir a ciki; masu saye suna biya da kyau, a kai musu shi a rufe, kada a bar yara su fasa don su ciro dalmar. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, ɗaruruwa, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito, ya san ba abin wasa ba ce. Allura da reza a jefa su cikin gwangwani mai murfi a toshe. Fasasshiyar kwalba a naɗe ta. Ita kuwa gorar da mai zoɓo za ta zuba wa 'ya'yanmu abin sha, ai gara ta fito daga hannunmu a wanke da murfinta da a tsinto ta daga bolar bayan asibiti.

Saura leda. A kanta ne duk dabarata ta ƙare.

Ledar fiya wata ana iya narka ta, kuma akwai masu yi. Matsalarta rashin nauyi. Sai ka tara ɗaruruwa kafin sikeli ya nuna kilo ɗaya, kuɗin kilon kuma bai kai wahalar duƙawa ba, shi ya sa ɗan jari bola yake tsallake ta ya ɗauki ƙusa. Baƙar ledar cefane ta fi ta rashin gata. To su ne kuma suka fi ɓarna. Su ne ke toshe magudanan ruwa, ruwan Agusta ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane ya jiƙa ginin ƙasa. Su ne ke riƙe ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki. Abin da ya tsira daga kwata ya gangara kogin Kubanni, daga nan kogin Galma, inda masu lambu ke ban ruwan kayan miyar da za mu saya. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin shanu da tumakin da suka yi kiwo a gari: dunƙulen leda, dabba tana ci tana ramewa mai ita yana ta sayen magani. In kuma aka cinna mata wuta da magariba, kamar yadda muke yi a kowane lungu, hayaƙin a ƙirjin tsofaffi da jarirai yake sauka.

Wannan kaso ba na uwargida ba ne, kuma zalunci ne a ɗora mata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu buga fiya wata da masu lemon gora suna cin riba a kan mazubin da suke sakar mana, ya kamata su ɗauki rabonsu na kwashe shi. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Waɗanda suka girma da lemon kwalba sun tuna cewa ba ka fita da kwalba daga shago sai ka ajiye kuɗinta, in ka dawo da ita a mayar maka. Shi ya sa ba a ganin kwalbar lemo a bola. Jamus har yau haka take yi da gorar roba da gwangwani, santi 25 na kuɗin yuro a kan kowace ɗaya. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ta hana mazubin abinci na soso a 2024. Ni ban ce a hana fiya wata a Zariya ba. Muddin ruwan famfo bai wadaci kowa ba, hana ta hana talaka ruwan sha ne. Amma kullum ina ganin motocin da ke rarraba ta, suna shigowa unguwa maƙare, suna komawa wayam. Me zai hana su koma da ledar jiya? Mai shago ya karɓi buhun busasshiyar leda ya ba da jaka ɗaya kyauta, kamfani ya cire masa a lissafi, ledar ta taru wuri ɗaya da yawan da mai narkawa zai turo mota. Yaran unguwa da kansu za su share titi.

Kamfani ba zai fara wannan don Allah ba sai an sa shi. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara a kan ƙananan hukumomi, ga mu da biyu a gari ɗaya, Zariya da Sabon Gari. Jiha tana da hukumar kare muhalli, KEPA, tarayya ma tana da tata, NESREA, tun 2007. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tun 1962, cike da masana ƙasa da taki da sinadarai. Abin da nake roƙo ƙarami ne: rumfa ɗaya mai rufi a gefen kowace babbar kasuwa, Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru da cikin birni, da sikeli da ma'aikaci, inda za a karɓi abin da 'yan gwangwan ba sa saye, leda da ƙananan batura da gorar magani. Sai sharaɗi a kan lasisin masu buga ruwa. Sanarwa kuwa ba ta buƙatar kwangila. In fada ta yi magana ta bi ta hakimai da masu unguwanni, limamai suka ɗauka a huɗuba, kafin sati biyu ta shiga kowane soro. Mun gwada ɗaya hanyar tun zamanin Buhari da Idiagbon, ta a tsare mutane ranar Asabar a ce a yi shara. Ana yashe kwata a jibge a gefenta, mota ba ta zo ba, ruwa ya sauka ya mayar da komai inda aka ciro shi.

A halin yanzu akwai buhu uku na ledar fiya wata a bayan madafinmu, a bushe, a danne. Mai sikelinmu ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu ya yi dariya, ya ce in ƙara tarawa tukuna. Shekaranjiya na tare direban motar da ke sauke ruwa a shagon bakin layinmu, na ce ko zai tafi da su, kyauta. Ya dube ni, ya dubi yaron motarsa, ya ce, "Alhaji, in kai wa wa?" Na ce ya tambayi maigidansa. Ya ce to, zai tambaya. Uwargida dai ta ba ni zuwa ƙarshen wata, ta ce ɓeraye sun fara sheƙa a buhun ƙasa.